TAKUNKUMI A SHARAƊA: ABIN DA NA GANI A UNGUWAR MASANA'ANTU

 Yau ban zo da fatawa ba, domin wannan aikin malamai ne, ni kuwa almajiri ne. Labarin wata 'yar tafiya na kawo muku, wadda na yi cikin garin Kano, da abubuwan da ta tuna mini.

A cikin hunturun da ya wuce aka aiko mini cewa wani tsohon abokina, wanda muka yi karatun allo a zaure ɗaya, yana kwance a gidansa a Sharaɗa, tari ya matsa masa. Na yi sammako na shiga Adaidaita Sahu daga Gadon Ƙaya, muka bi Titin Yahaya Gusau. Ran nan hazo ya sauka ƙwarai, har mutum yana iya duban rana ido da ido. Mu huɗu ne cikin keken har da mai tuƙi, uku kuwa duk sun rufe baki da hanci. Mai tuƙin ya sa baƙin ƙyallen nan mai maratayi a kunne, wata dattijuwa ta jawo gefen hijabinta, wani saurayi kuma ya naɗe fuska da hirami. Ba wanda ya umarce su, babu ɗan sanda a hanya, babu kotu. Sai na ce wa mai tuƙin, "Malam, ashe har yanzu ana sa wannan abu?" Ya ce, "Alhaji, ai wannan ƙurar ido yana ganinta."

Wannan amsa tasa ta tsaya mini a rai, domin na tuna cewa a shekarar 2020 da ta 2021, a kan wannan hanya, da tara da barazanar ɗauri ake bin mutane su sa wannan ƙyalle, suna ƙi.

Ga wanda bai san wurin ba, Sharaɗa tana kudu maso yamma da ganuwar birni. Ita ce ta tsakiya cikin manyan unguwannin masana'antu uku da Kano ta yi suna da su. Bompai ce yayarsu, tana gabas, cikin Ƙaramar Hukumar Nasarawa, an kuwa fara kafa masana'antu a cikinta tun ƙarshen zamanin Turawa. Sharaɗa ta bunƙasa a shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka yanka ta kashi uku. Challawa ita ce auta, tana can wajen Panshekara cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kusa da kogin da ta ci sunansa. Waɗanda suka san Sharaɗa a zamanin ganiyarta sun san yadda jiniya take tashi da asuba, ma'aikata su yi ta kwarara bisa kekuna kamar fari. Daga 1986, lokacin da aka karya darajar naira, sai al'amura suka fara ja da baya. Rashin wutar lantarki ya zo ya ƙara, kayan ƙasar Sin masu araha suka cika kasuwa, masaƙu da yawa suka rufe, aka mai da wasu ɗakunan ajiyar kaya. Duk da haka wurin bai mutu ba. Har yau akwai masu narka roba suna yin takalma da bokitai da tabarmi, akwai masu sarrafa abinci, akwai kamfanonin jima, gidan rediyon Freedom ma a nan yake tun 2003.

Hanci ne yake fara gaya wa baƙo ya iso. Jima sana'a ce tsohuwa a Kano, tun zamanin da ayari yake ƙetare Sahara da jar fatar akuya, wadda Turawa suka riƙa kira fatar Maroko don ta can take isa gare su. Amma majeman cikin birni da bagaruwa da toka suke aiki, kamfanonin zamani kuwa da farar ƙasa da gishirin kuromiyam da wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda yake zubar da gashi. Ruwan da ya fito daga nan shi yake bi ta rafin Salanta ya gangara Kogin Challawa, yau baƙi, gobe shuɗi, kamar yadda na Bompai yake bi ta Getsi ya haɗu da Jakara. Mutanen da suke zaune bakin waɗannan magudanai sun daɗe da sanin toshe hanci. Ma'aikacin da yake goge fata a inji, da wanda yake tsaye kan tukunyar roba, da mai ɗinke buhun gari, kowannensu ya san ƙyallen rufe baki shekaru da yawa kafin a ji sunan garin Wuhan.

Saboda haka duk wanda ya ce Bakano ya ƙi takunkumi don bai saba da rufe fuska ba, bai san Kano ba. Sarki yana rufe bakinsa da amawali, kuma alamar girma ce. Matanmu da yawa suna sa niƙabi. 'Yan acaɓa, kafin a hana su ɗaukar fasinja a 2013, da ƙyalle suke kare hayaƙi. Buzayen da suke gadi a ƙofofin kamfanonin nan kuwa, ido kaɗai ake gani cikin rawaninsu tun kaka da kakanni. Sai an nemi dalilin ƙin a wani wuri dabam.

Bari mu koma kan yadda abin ya faru, gama mutum mai saurin mantuwa ne. An tabbatar da cutar korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a jikin wani mutumin Italiya da ya sauka Legas. A Kano kuwa sai ran 11 ga Afrilu. Kwana biyar bayan haka gwamnan wancan lokaci, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ya rufe gari, kasuwanni da masallatan Juma'a duka. Azumi ya kama ran 24 ga wata mutane suna kulle, sa'an nan ran 27 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu. A cikin waɗannan kwanaki ne masu haƙar kabari a Ɗandolo da Abbatuwa da sauran maƙabartu suka fara cewa gawawwakin da ake kawo musu sun wuce kima. Manyan mutane suka yi ta tafiya bi da bi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Ayagi da Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila, Allah Ya jiƙansu da rahama. Galibin waɗanda suka rasu ba a gwada su ba, don haka ba mai iya cewa wane korona ce ta ɗauke shi. Amma a watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da sakamakon binciken da aka yi: mutum 979 ne suka rasu cikin ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana kyautata zaton cutar ce sanadi, ko kuma ita ta tayar da wani ciwon da yake jiki. Yawancinsu dattawa ne.

Na fara zuwa Sharaɗa cikin annobar a watan Mayu na wannan shekara, ran wata Litinin, domin a lokacin an sassauta kulle ranakun Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i don mutane su sayi abinci. Abin da na gani a ƙofar wani kamfani ba zan manta da shi ba. An ajiye bokiti mai famfo da sabulu. Wani Buzu mai gadi yana tsaye da na'urar auna zafin jiki, yana nuna ta a goshin kowa kamar bindiga, duk wanda bai rufe fuska ba ya koma. Ma'aikata sun yi layi, kowa da ƙyallensa, na atamfa, na shadda, na yadi, wani ma da hoton ƙungiyar ƙwallo. Kamar taku ashirin daga ƙofar akwai mai shayi, ko da yake azumi ya hana shi hura wuta, mutane dai suna zaune kan bencinsa kafaɗa da kafaɗa, ƙyallen kowa yana ƙarƙashin haɓa. Da idona na ga wani yaro ya fito daga kamfani, ya cire nasa ya miƙa wa abokinsa da zai shiga. Watau ƙyallen ya zama tikitin shiga, kamar katin shaidar aiki. A banki ma haka, a sakatariya haka. Masu talla suka gane wannan nan da nan, suka kafa tire a bakin kowace ƙofa da ake tambayarsa, ban kuwa taɓa ganin mai sayar da shi a bakin kasuwar unguwa ba.

Teloli dai sun ci kasuwa. Ƙyallayen da ake zubarwa da tsintsiya suka zama kuɗi, ni kaina na sayi uku a naira ɗari ɗari. Sai dai yawancinsu falle ɗaya ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ba da shawarar jama'a su sa na yadi a watan Yuni 2020, ninki uku ta ce. Hikimar abin kuwa mai sauƙi ce. Cutar tana fita ne cikin tururin numfashi da feshin yawu, sa'ad da mutum yake magana ko tari ko atishawa, kuma mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji ciwo, wani ma ba zai ji ba sam. Ƙyallen yadi ya fi tare abin da yake fita daga bakin mai shi bisa ga abin da yake shigowa. Wanda ya sa shi, ɗan'uwansa ya fi yi wa amfani. A ganina da an tsaya an bayyana wannan tun farko, da harshen da mutanenmu suka sani, na haƙƙin maƙwabci da hana cutar da Musulmi, da an sami karɓuwa fiye da yadda aka samu. Amma aka ce wa saurayi mai jini a jika ya sa don ya kare kansa, shi kuwa ya duba ya ga tsofaffi ne suke mutuwa.

Har sunan ma bai taimaka ba. Takunkumi a Hausa abin da ake sa wa jaki ne lokacin kaka don kada ya ci amfanin gonar mutane, ko raƙumi mai cizo, ko kurar gardi. A labaran duniya kuma shi ne horon da manyan ƙasashe suke yi wa ƙasar da ta ƙi bin umarni. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin hanyar Ja'en ya ce mini a wancan zuwa, "Ɗana, shekarata saba'in ban ci dawar kowa ba, yau a ce in sa takunkumi?" Na yi dariya, amma maganarsa tana da tushe. Gidajen rediyo sun yi ƙoƙarin cewa ƙyallen rufe baki da hanci, sai dai sunan ya yi tsawo, takunkumi ya riga ya zauna. Na sha tunanin da amawali aka kira shi tun ran farko, da wataƙila har gasar ɗinka shi za a yi.

Ga kuma zafi. Afrilu da Mayu a Kano ma'aunin zafi yana haura 40, ga azumi a baki, ga mutum tsaye gaban injin da yake narka roba. Wanda yake zaune cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki bai kamata ya yi saurin zargi ba.

Amma abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne rashin yarda, kuma wannan yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana na Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. A 2003 gwamnatin jiha ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin an gurɓata shi, sai a tsakiyar 2004 aka koma, bayan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da korona ta zo, sai talaka ya ga waɗanda aka fara ambata duk masu hawa jirgin sama ne, har da Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ran 17 ga Afrilu. Ya ji ana ambaton biliyoyin naira na gudummawa, shi kuwa an rufe shi a gida ba ko mudun gero. Sai ya yanke hukunci cewa ko dai cutar ta manya ce, ko kuwa hanyar cin kuɗi ce. Har samari suka riƙa fita ƙwallo cikin kulle suna shelar babu cutar. Sun yi kuskure, maƙabartu sun shaida. Amma ma'aikacin Sharaɗa da ake biya kullum, wanda in bai fita yau ba tukunya ba za ta hau wuta ba, yunwa ce abin da idonsa yake gani, kamar yadda mai keken nan yake ganin ƙura.

Wasu masu kamfani ma ba su bar wa ma'aikaci hanyar yarda ba. A watan Yuni 2020 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin casar shinkafa a Challawa, suka fito da ma'aikata fiye da ɗari waɗanda suka ce an hana su fita tun ƙarshen Maris, da sunan kada su ɗauko cuta, wanda ya fita kuwa ya rasa aikinsa. Wata uku mutum bai ga iyalinsa ba, azumi da Salla duk a bayan katanga. Labarin ya zagaya unguwannin ma'aikata kafin ya kai jarida, kuma daga ran nan duk dokar da ta fito daga bakin mai kamfani da sunan korona sai a dube ta da ido biyu.

A masallaci kuwa tambayar ta ɗauki wata kama. Cikin masallatan hamsu-salawatu na bakin kamfanoni na ji ana muhawara ko salla ta inganta da baki a rufe. Waɗanda suka yi tambayar ba jahilai ba ne, domin a littattafan fiƙihunmu na Malikiyya rufe baki cikin salla makaruhi ne. Sai dai malamai sun amsa cewa makaruhi ba ya ɓata salla, kuma karhanci yana faɗuwa in lalura ta zo. Da aka buɗe masallatan Juma'a gab da Ƙaramar Salla, wadda aka yi ran 24 ga Mayu ba tare da hawa ba, sa takunkumi yana cikin sharuɗɗan da aka gindaya. Na yi Juma'a a wancan lokaci: sahun farko da na biyu, inda manya suke, kusan kowa ya rufe; daga nan abin yana raguwa sahu sahu, har a kai ga masu shimfiɗa darduma a titi, inda sai ka ƙirga da yatsu. Da aikin Hajjin wannan shekara ya zo, aka ga 'yan mutane kaɗan da aka bari, duk mazauna Saudiyya, suna ɗawafi nesa da juna kowa da takunkumi, sai bakin masu cewa maƙiya addini ne suka ƙirƙiro abin ya ɗan mutu.

Masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa, gaskiya suka faɗa, amma ba su kai ƙarshenta ba. A shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta faɗa ƙasar Sham, wadda ake kira annobar Amwas. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, yana kan hanya da jama'arsa ya sami labari a wani wuri da ake kira Sarg, ya yi shawara da Sahabbai, ya juya Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal duka a wannan annoba suka rasu, kuma ba ta lafa ba sai da Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Malamanmu sun karanta wannan a rediyo ba sau ɗaya ba. Kakanninmu ma sun ga irinta: marisuwa ta 1918 ta jirgin ruwa ta sauka Legas, ta biyo hanyar jirgin ƙasan nan da ta ratsa Challawa, ta kashe mutanen da aka ƙiyasta sun kai rabin miliyan a Nijeriya. Amma wanda ya ga marisuwa da wayonsa babu shi a raye a 2020 da zai ba da labari.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, don kada in zama mai wa'azin da ya manta da kansa. Cikin goman tsakiya na azumin nan ƙanen mahaifina ya rasu bayan zazzaɓin kwana huɗu. Na je jana'iza da takunkumi a fuska, ni kaɗai cikin dangi. Muna tsaye ana jiran a fito da shi, sai wani dattijo, aminin marigayin, ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗana, ƙyamarmu kake yi, ko ƙyamar babanka?" Wallahi ban san lokacin da hannuna ya kai ga ƙyallen na sa shi aljihu ba. Na ba kowa hannu, na zauna cikin zaure aka yi ta karɓar gaisuwa har kwana uku, gwiwa tana gugar gwiwa. Bayan mako guda na kwanta, na daina jin ƙanshi da ɗanɗano, na sha maganin zazzaɓin cizon sauro kamar yadda kowa yake yi, ban je gwaji ba don tsoron kada a kai ni Kwanar Dawaki a killace, unguwa ta ɗauka. Allah Ya tashe ni. Dattijon da ya yi mini magana bai ga Babbar Salla ba. Ban san abin da ya ɗauke shi ba, kuma ba ni da ikon sani, amma na san na zauna kusa da shi kwana uku bakina a buɗe, kuma har yau in na wuce ƙofar gidansa sai na tuna. A wurinmu fuska ita ce gaisuwa. Rufe ta gaban babba, ko janye hannu daga musafaha, ya fi tara ciwo. Hukuma ba ta lissafa kunya ba sa'ad da take tsara dokokinta, alhali kuwa kunya ta cire takunkumi daga fuskokin da gardama ba ta cire ba.

An ɗage kulle baki ɗaya a farkon Yuli 2020, ƙyallaye suka ɓace kamar an share. Da cutar ta sake tasowa, shugaban ƙasa ya sa hannu kan wata doka ran 26 ga Janairu 2021, wadda ta wajabta rufe fuska cikin taro, da horon tara ko ɗaurin da zai kai wata shida. Kotunan tafi-da-gidanka suka fito manyan tituna, aka kama mutane, aka ci su tara. Masu Adaidaita Sahu suka koyi rataya ƙyalle a madubi, a sa in an hango jami'ai, a cire in an wuce. Allurar rigakafi ta iso ƙasa a watan Maris, kama-kamen ya yi sanyi, ran 5 ga Mayu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matakin gaggawa ya ƙare.

Na sami abokina zaune a kan tabarma a soron gidansa, ya jingina da bango, domin kwanciya tana hana shi numfashi. Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a wani kamfanin jima, mafi yawansu a ɗakin da ake goge fata, inda ƙura take tashi kamar gari. Likita ya gaya masa huhunsa ya yi rauni, ya kuma tambaye shi irin aikin da ya yi. Na ce, "Malam, ba a ba ku abin rufe hanci?" Ya yi murmushi ya ce, "A farko ana bayarwa, guda ɗaya a wata. Daga baya sai ran da baƙi za su zo duba ma'aikata. Amma shekarar korona, kullum sai an ba mu sabo a ƙofa, har da mai tsaye yana duba wanda ya sauke." Na ce, "Bayan korona fa?" Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini babu komai.

Wannan ya dame ni fiye da duk abin da na gani a hanya. Cutar da ta tsorata duniya ta zo ta wuce, ƙurar ɗakin gugar fata tana nan inda take, haka hayaƙin roba da ƙurar auduga da ta buhun gari. Su kuwa ba su kisa cikin kwana huɗu, sai su ɗauki shekara ashirin, mutum ya bar aiki ya koma gida, a ce tarin tsufa ne. Ƙyallen atamfa ma ba ya maganinsu. Ƙura mai laushi tana bukatar irin wanda ake kira N95, mai kama fuska ba ƙofa, iskar guba ta ramin jiƙa fata kuwa ba ƙyallen da yake tare ta, sai na'ura ta musamman da buɗe wuri iska ta ratsa. Waɗannan ba abin da lebura zai saya daga ladansa ba ne. Wanda ya ɗauki mutum aiki, ƙarfinsa ya yi ijara da shi na wasu sa'o'i, bai sayi huhunsa ba, kuma shekarar 2020 ta nuna cewa masu kamfani suna iya samar da abin kariya kowace safiya in sun ga dama, ko in hukuma ta tsaya a kansu. Yawancin masu dukiyar nan da manajojinsu muna haɗuwa da su a sahun farko. Ina roƙon limaman Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗanda suka yi huɗuba kan takunkumi sa'ad da gwamnati ta nema, su sake yin wata don ma'aikacin da yake sahun baya yana tari.

Na zauna wurinsa har azahar. Ɗansa na biyu, wanda shi ma yanzu yake aiki a wani kamfanin roba, ya shigo cin abinci, baƙin ƙyalle yana rataye a wuyansa. Uban ya tambaye shi ko ya sa shi a wurin aiki yau. Yaron ya ce, "Baba, na hazo ne, a hanya nake sawa. A ciki zafi ya yi yawa." Uban ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi, yaron ya ajiye kwano ya tashi ɗebo masa ruwa.